Mararrabar dogo: wacce ce za ta jure ƙurar Damagaram?

Mushen Lissafi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, ya sanyi? Waɗanda suka leƙo gidana a Zengou lokacin bakansi sun ga ɗan teburin jirgin ƙasa na wasa da na kafa a kan tsohon ƙyauren ɗaki. Ma'aunin N ne, wanda tsakanin ƙarafunan dogonsa milimita 9 ne. Zagaye ɗaya ne da tasha mai layi uku, sai mararraba huɗu, wato guntun dogon da layi ke rabuwa biyu a kansa, abin da littattafan Faransanci ke ce wa egiyaj. Duka huɗun a cikin kwalin da na gada suka zo, tsofaffin hannu ne, ko suna babu a jikinsu.

Tun shigowar hunturu abin ya ishe ni. A kan biyu daga ciki, kan jirgi na isowa sai ya tsaya cak, sai na tura shi da yatsa. A kan ta uku kuwa taragu ne ke gocewa, ba kullum ba, amma da zarar an yi baƙo sai su kunyata ni. Ƴata har ta raɗa masa suna jirgin turi. Na ƙudura in sayi sababbi, to kuɗin koli da na duwan ba na wasa ba ne, ba zan iya saye sau biyu ba. Wacce iri zan nema?

Mai Gyaran Salula:
Wa alaikumus salam Mushe. Kato kawai. Ka sayi ta kamfanin Kato na Japan ka huta. Motar da ke juya ta tana ɓoye a cikin gindinta, waya biyu ce kawai ke fitowa, ka soka ka danna.

Kawu Direba:
Ikon Allah. Garin da ko taku ɗaya na dogo babu, amma ga manya da gemu suna shawara a kan mararraba.

Mai Gyaran Salula:
Kawu ai shi ya sa muke gina namu a ɗaki, kafin na gaske ya iso mun ƙware.

Baba Mai Agogo:
Mushe, kafin ka fidda ko dala, amsa mini abu uku. Taragun da ke gocewa, kullum su ɗin ne ko kowanne ma yana yi? Suna gocewa ne in sun shigo ta bakin da layi ke rabuwa, ko in sun fito ta baya? Sannan da me ka kafe mararrabar a jikin katako?

Na tambaya ne don a sana'ata mutum zai kawo agogo ya ce inji ya mutu, in buɗe in tarar allura ce ke gogar gilashi.

Mushen Lissafi:
Baba, ranka ya daɗe, ban lura ko su ɗin ne kullum ba, amma zan sa ido. Ta bakin rabuwa suke gocewa. Ƙananan ƙusoshi na sa, har da guda a tsakiya don kada ta motsa.

Baba Mai Agogo:
To cire ta tsakiyar nan tun yau. Mararraba ba ta son matsi. Ƙusa ɗaya in ta nutse fiye da kima sai ta lotsa robar, ƙarafuna su matso juna, ko harshe, siririn ƙarfen nan mai motsi da ke karkata jirgi, ya ɗago sama da ƙarfen da yake jingina da shi. A ma'aunin nan, kaurin takarda biyu ya isa ya kada tarago. Ka bar ta ta kwanta sakayau, layukan da ke gabanta da bayanta su riƙe ta.

Yaya Injiniya:
Sannunku. Mushe, cuta biyu ka haɗa wuri ɗaya, kuma maganinsu daban. Gocewa maganar awo ce, Baba ya kama hanyarta. Tsayawa cak kuwa maganar kuran ce, bari in ɗan tsawaita a kanta don ita ce za ta nuna maka abin da za ka saya.

Akwai wurin da ƙarafuna biyu ke gittawa su yi tsini kamar bakin mashi. Faransawa na ce masa zuciya, Ingilishi kuma kwaɗo, ni dai zuciya nake cewa. Ƙarfen dama da na hagu kowanne da kuran ɗinsa, a wurin nan kuma suke haɗuwa, dole mai ƙira ya san yadda zai yi kada su taɓa juna. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi zuciyar da roba. Ba ta buƙatar ko waya ɗaya, amma taya na hawanta ba ta samun kuran. Babban kan jirgi mai tayoyi da yawa ba ya ji a jikinsa, sauran tayoyin na ci gaba da sha. Ƙarami mai aksil biyu ko uku, in taya ɗaya na kan roba, wata kuma ta taka ƙura, shi ke nan ya tsaya. Peco, kamfanin nan na Devon a Ingila, suna kiran irin wannan Insulfrog.

Ta biyu zuciyar ƙarfe ce gaba ɗaya, Electrofrog. Kuran ɗinta na sauyawa da juyin mararrabar, saboda haka jirgi ba ya rasa abinci ko ina. Sharaɗinta, ƙarafuna biyun da ke fitowa daga zuciya sai an sa musu mahaɗin roba, in ba haka ba kuran daga ɗaya gefen ya dawo ya yi karo.

Ga inda abin ya shafe mu. A iri biyun nan, in ka kafa su yadda suka fito daga kwali, kuran na bi ne ta inda harshe ya jingina da ƙarfen gefe. Ɗan wurin taɓawar bai kai kan allura biyu ba. A ƙasar da ake ruwa wata tara wannan na iya shekara bai dami kowa ba. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris iska na kwaso mana garin ƙasa tun daga kwarin Bodele na Chadi, mai laushi kamar hoda, ya shige ko ina. Ƙwaya kaɗan tsakanin harshe da ƙarfe sun isa. Don haka ni ba na tambayar wane kamfani, ina tambayar ta ina kuran ke bi. Duk mararrabar da ta dogara da taɓawar harshe, a Damagaram sai ta ci amanarka. A nemi wadda harsunanta ke da waya ta dindindin, zuciyarta kuma ke shan kuran ta makunni na daban. Unifrog ta Peco haka take zuwa: an riga an haɗa harsuna da ƙarafunan gefe, zuciyar ƙarfe ce a ware, da ƴar wayarta a ƙasa.

Mai Gyaran Salula:
Yaya, ai kin dawo kan maganata ba ki sani ba. Kato ma makunninta na ciki ne, a rufe ƙarƙashin gindin roba. Kuma Mushe malamin lekol ne, ba mai sudur ba. Ki ce ya liƙa waya a ƙarfen da bai kai milimita 1 faɗi ba, kafin dalma ta kama ya narkar da matasan dogon duka.

Yaya Injiniya:
Na sani sarai ƙanena, ban kushe ta ba. Abin da ke sa ni ja baya, rufi ba ya hana ƙurarmu shiga, sai dai ya hana ka ganinta. Kai da ke buɗe salula kullum, me kake tararwa a ciki? Abin da ke fili ina share shi da buroshi a minti ɗaya. Abin da ke rufe sai an ɗaga mararrabar daga tebur an kwance sukurori, ga ƙananan kaya masu tsalle.

Mai Gyaran Salula:
In ta kai ga buɗewa a kawo mini rumfa a kasuwar Dole, kyauta. Wanda ya saba da cikin salula ba ya tsoron wannan.

Na Liyon:
Gaisuwa ga mutanen gida daga ƙasar sanyi. Na jima ina karantawa. Ni Kato da Peco duka na yi aiki da su a kulob ɗin unguwarmu, ga abin da zan ƙara.

Mushe, dubi tayoyin kayanka da kyau. Ma'aunin N a Jamus ya fara, kamfanin Arnold na Nuremberg, farkon shekarun 1960, kuma kayan shekaru ashirin na farko leɓen tayarsu dogo ne ƙwarai in ka gwada da na yanzu. In kwalinka na wancan zamani ne, tsayin ƙarfen dogo ya zama magana. Lambar da ake rubutawa, kod 80 ko kod 55, tsayin ƙarfen ne a kason dubu na inci. Kod 80 milimita 2 ke nan, kod 55 kuwa 1.4. Gajeren ya fi kama da dogon gaske a ido, amma tsohuwar taya na iya riƙa dukan ƙusoshin robar da ke riƙe da shi, ka ji tana kar-kar-kar. Kod 55 na Peco dabara suka yi, ƙarfen dogo ne aka binne gindinsa cikin roba, shi ya sa yawancin tsofaffin tayoyi ke wucewa a kansa. Kato kod 80 ne, kuma suna da ɗan guntun layi na musamman da ke haɗa nasu da irin layinka.

Abu na biyu, kaifin kwana. In ka ga lamba 4 ko lamba 6, ma'anarta layin da ya rabu yana nisanta taku 1 a kowane taku 4 ko 6. Ƙaramar lamba, kwana mai kaifi. A Kato, lamba 4 lanƙwasarta milimita 481 ce, lamba 6 kuma 718, tsawonta 186. A Peco kod 55 akwai 305, 457 da 914. Shawarata, kowane kamfani ka zaɓa, kada ka ɗauki mafi ƙanƙanta sai in wuri ya tilasta maka. Yawancin kukan da nake ji a kan mararraba, kukan kwana mai kaifi ne da dogon tarago.

Mushen Lissafi:
Malam, nan fa ka taɓo inda ke mini ciwo. Ƙyauren tsawonsa mita 2 ne, faɗinsa santimita 80. Kwana biyu na gefe sun cinye kusan santimita 70, saura 130. In na jera lamba 6 biyu a kowane baki, 186 sau 4 ya kama milimita 744. Layin tsakiya na tasha zai rage kamar rabin mita. Kan jirgi da taragu huɗu ke nan, a takure.

Na Liyon:
To rage layi ɗaya. Tasha mai layi biyu da jirgi ke shiga lafiya ta fi mai uku da ake tura shi da yatsa.

Mushen Lissafi:
Layi na ukun nan shi ne na lodin gyaɗa, saboda shi na gina tashar. Ba ya fita.

Baba Mai Agogo:
Ka burge ni da maganar gyaɗa. Iyayenmu a kan manyan motoci suke kai ta Kano, can take hawa jirgi zuwa Ikko. Dogo ya iso Kano tun 1911, Nguru 1930, mu nan ko da muke babban birnin ƙasa har 1926 bai leƙo mu ba. Ina saurayi na je tashar Kano, na tsaya ina kallon wani ma'aikaci yana jan wani ƙaton hannun ƙarfe mai nauyi a gindi. Yana ja sai ka ji ƙarar harshe ya manne. Bai bar wurin ba sai da ya sunkuya ya duba da idonsa cewa ya manne ɗin. Jirgi mai ɗauke da buhu dubbai, amma rayuwarsa na kan ɗan bakin ƙarfen nan.

Shi ya sa ni a ƙaramin ma abin da nake fara dubawa shi ne me ke danne harshe. Na Peco akwai ɗan resor a tsakiya, kana turawa da farce sai ka ji ƙyas, ya kama, ba ya komawa. Wanda ba shi da resor sai an sa masa mota ko wani abin riƙo, in ba haka ba harshe na lilo, leɓen taya ya shiga bayansa, rabin tarago ya bi dama rabi ya bi hagu.

Kawu Direba:
Yanzu dai na Kano zuwa Maraɗi ake yi, ta Katsina da Jibiya. Maraɗawa za su riga mu jin ƙarar jirgi, ba za mu ƙara shan ruwa a gabansu ba.

Mai Kula da Zaure:
Kawu a yi haƙuri, maganar Maraɗi a kai ta zauren hira. Ranar nan da aka faro ta sai da muka kwana.

Kawu Direba:
Na yi shiru. Amma in kaya za su biyo ta Kano, duk sati ina hanyar Matamaye, sai a yi magana.

Yaya Injiniya:
Mushe, ga wata tambaya da ba a yi ba. Da me kake tuƙa jirgin, tsohon taransifo mai juyawa ko na dijital, DCC?

Mushen Lissafi:
Tsoho ne Hajiya, volt 12. In an ɗauke kuran ma batirin sola nake jona masa ta wani ɗan akwati da ɗan'uwanmu na kasuwar Dole ya haɗa mini.

Yaya Injiniya:
To ka san abin da za ka rasa in ka bi shawarata, kada in ɓoye maka. Irin mararrabar da ke kashe layin da ba ta fuskanta tana da daɗi a tsarinka: ka ajiye jirgi ɗaya a layin gyaɗa, ka juya mararraba, ya mutu a wurin, ɗayan ya ci gaba da zagaye. Lamba 6 ta Kato na yin haka da kanta. Unifrog ba ta yi, layukan biyu kullum a raye suke. Sai ka sa mahaɗin roba a ƙarfe ɗaya na kowane layin tasha, ka ba shi makunninsa. Makunni uku, waya shida. Aiki ne na yamma ɗaya, amma aiki ne.

Mai Gyaran Salula:
Kun ji ko. Da bakinta ta faɗa.

Yaya Injiniya:
Na faɗa, kuma ban janye ba. Makunnin da na saya a kasuwa in ya lalace gobe in sauya shi da jika ɗaya ko ƙasa da haka. Abin da sai an yi odarsa daga Japan fa?

Ga ma dabara mai kashe tsuntsu biyu. Ka samo ƙaramin makunni mai zamewa mai ƙafa uku, irin na tsohuwar rediyo. Huda kan robarsa, ka zura siririyar waya mai tauri ta tafi har sandar da ke jan harsuna. Ƙafar tsakiya ta tafi zuciya, biyun gefe su tafi ƙarfen dama da na hagu. Kana zame shi, harsuna sun juya, kuran zuciya ya sauya, kuma shi kansa makunnin ya riƙe harshe a manne. Babu mota, babu abin ƙonewa. Tebur ɗin da hannu ke kaiwa ko ina ba ya buƙatar mota.

Na Liyon:
Wannan gaskiya ne. Motocin nan masu naɗin waya da ke bugawa ɗas, kuran na ɗan lokaci suke so, ƙiftawar ido. Yaro ya ɗora yatsa a maɓalli ya manta, sai ka ji ƙauri. Masu amfani da su kan sa akwatin kondansater a gaba don ya harba sau ɗaya ya tsaya. Na Kato ma bugu ɗaya na volt 12 take so, ka yi amfani da makunninta na asali, kada ka jona ta kai tsaye da batir.

Mai Gyaran Salula:
Ko ƴar motar sarbo SG90 da Arduino, ɗan allon lantarki mai ba ta umarni, ya juya a hankali kamar na gaske. Ina da uku a rumfa.

Baba Mai Agogo:
Ɗana, bar mutum ya fara tafiya kafin ka saya masa doki.

Mushe, koma kan tayoyi. Kana da piyakulis, ma'aunin nan mai baki biyu da ke zamewa, a lekol? Auna tsakanin bayan taya da bayan taya a kowane aksil. Wajen milimita 7.4 zuwa 7.7 ake so. In ya gaza, taya na hawan ƙaramin ƙarfen rakiya da ke gefen zuciya. In ya zarce, leɓe na sarar tsinin zuciyar. A miƙaƙƙen layi ba za ka taɓa ganewa ba, mararraba ce ke tona asiri, sai a ɗora mata laifi. Gyaran ba wuya, ka cire aksil ka murɗa tayar a hankali tsakanin yatsu.

Sannan kada mai ya kusanci wurin, ko ɗigo. Mai da ƙura in sun haɗu kwaɓi ne. Alkol a tsumma mai tsabta, ɗan guntun takarda ka ja tsakanin harshe da ƙarfe. Banda sampepa, tana barin zane, zane kuma gidan datti ne. In ka gama wasa ka lulluɓe teburin da zane.

Mushen Lissafi:
Na gode Baba. Zafi fa? Ɗakin rufin kwano ne, a watan Afrilu waje ma ya haura 40, ciki kuwa sai wanda ya shiga. Na yi lissafi, ƙarfen nan mita 1 in zafi ya ƙaru da digiri 30 zai miƙe kusan rabin milimita.

Yaya Injiniya:
Lissafinka daidai. Kuma yanzu da sanyi kake shimfiɗawa, ƙarfe na a takure. Ka bar ƴar tazara a mahaɗai, kaurin katin salula, musamman gaba da bayan kowace mararraba. In ka matse su yanzu, bazara na zuwa layi zai turo, kuma mararraba ce za ta sha matsin. Kada ka yi wa mahaɗanta dalma, ka ba kowane guntun layi wayarsa daga ƙasa.

Na Liyon:
Ƙari ɗaya. In kwana ta ƙare kuma mararraba za ta karkata ɗaya gefen, sa miƙaƙƙen layi tsakaninsu, tsawon taragonka mafi tsawo.

Mushen Lissafi:
Jama'a na dawo bayan kwana biyu, ga rahoto. Na auna aksil 34. Taragu biyu ne suka fito 7.1, kuma su ne masu gocewar, na sa musu alama da alli na tabbatar. Na buɗa su. Na cire ƙusar tsakiya, ina zare ta na ga mararrabar ta ɗago da kanta. Tun jiya zagaye sama da 50, ko sau ɗaya ba a sauka ba. Baba, Allah ya ƙara girma.

Masu tsayawa cak kuwa, ɗaya ta warke da alkol da takarda, amma yau da safe ta sake, dare ɗaya kawai na manta ban rufe ba. Ɗayar ko motsi, na sa miltimetir, harshenta ɗaya ba ya samun komai. Biyu ke nan zan saya maimakon huɗu. Na karkata ga Unifrog mai 457 da dabarar makunnin rediyo, don ita ce za ta bar mini layin gyaɗa. Sudur ɗin kuma akwai wanda ya yi alkawarin aiki kyauta a gaban shaidu.

Mai Gyaran Salula:
Ni buɗe Kato na yi wa alkawari. Amma a kawo, zan yi. In ta ba ka wahala a watan Maris kada ka ce ban faɗa ba.

Na Liyon:
Ina zuwa gida ƙarshen wata in Allah ya yarda, ba su da nauyi, zan sako su a jaka tare da mahaɗan roba. Kawu ya huta. Dama ko hagu?

Mushen Lissafi:
Duka suna gefen taga.

Na Liyon:
Mushe, ba gefen ɗaki nake tambaya ba. Tsaya ta bakin harsuna, ka fuskanci inda layi ke rabuwa. In mai lanƙwasar ya tafi dama, ta dama ce.

Mushen Lissafi:
To ɗaya dama ɗaya hagu. A'a, dakata, kada ka saya tukuna. Ina lekol yanzu, in na koma gida bayan la'asar zan ɗauko hotonsu in turo.